Makarantar sojan Huangpu ta burge ni, ɗan jagoranmu kuwa Allah ya isa

Kaya ne suka kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin, ba tarihi ba. Masu ɗinka mini takalma suka ɗaga mini kwana huɗu, zaman ɗaki a unguwar Xiaobei ya ishe ni. Abokin tafiyata, wanda ya koyar da tarihi a sakandare kafin ya faɗa kasuwa, shi ya matsa mu je mu ga tsohuwar makarantar horar da hafsoshi ta Huangpu. Muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido da ke ajiye takardunsa a otal ɗinmu, aka ba mu mota da ɗan jagora mai jin Turanci.

Mota ta sauke mu a Yuzhu, muka hau jirgin fito zuwa tsibirin Changzhou. Ginin ba wani ƙasaitacce ba ne, farin bango, baƙin rufi, bene hawa ɗaya da baranda ta katako. Ba ma na asalin ba ne, jiragen yaƙin Japan sun rusa wancan a 1938, sai a 1996 aka sake gina shi yadda yake a da. Da farko har na ce a raina, wannan ne muka ɓata kuɗin mota a kansa?

Abin da ya juya mini tunani wani dattijo ne. Muna tsaye a ɗakin kwanan ɗalibai, gadaje a jere kusa da kusa kamar na makarantar kwana, ɗan jagoranmu ya fita yana waya. Dattijon ya zo da jikarsa, ya ga muna kallon hotuna ba mu gane komai ba, sai ya ciro wayarsa, ya yi magana a ciki, ita kuma ta fassara mana. Ya ce shi malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Kusan rabin awa bawan Allahn nan yana biye da mu ɗaki zuwa ɗaki, ko sisi bai nema ba.

A bakinsa na ji cewa Sun Yat-sen, jagoran 'yan kishin ƙasar Sin, shi ne ya buɗe makarantar ranar 16 ga Yuni, 1924, da kuɗi da makamai da masu ba da shawara daga Tarayyar Sobiyet, don ya gaji da dogaro da madugan yaƙi masu sayar da biyayyarsu. Ya nuna mana ofishin shugaban makarantar, Chiang Kai-shek. Taku kaɗan daga nan sai sashen siyasa, wanda Zhou Enlai ya jagoranta. Na ce masa ya maimaita, na ɗauka wayar ce ta yi kuskure. Chiang da ya ƙare a Taiwan a 1949 bayan 'yan kwaminis sun kore shi, da Zhou da ya zama firaministan ƙasar Sin a shekarar nan dai, ashe a gida ɗaya suka yi aiki, ɗalibai ɗaya suke koyarwa.

Sai ya tsaya gaban hoton wani saurayi, Chen Geng, ɗan rukunin farko na ɗaliban makarantar. A 1925, a wani yaƙi a gabashin lardin Guangdong, rundunar Chiang ta watse, wannan yaron ne ya goya shi a baya ya fitar da shi daga bakin mutuwa. Shekara biyu bayan nan, a Afrilun 1927, Chiang ya sa aka yi wa 'yan kwaminis kisan gilla a Shanghai, Chen Geng kuwa ɗan kwaminis ne, ya ƙare babban janar a rundunar da ta kori maigidan nasa. Haka Lin Biao na 'yan kwaminis, ɗan rukuni na huɗu, ya gwabza da Du Yuming na Chiang, ɗan rukunin farko, a Manchuria, arewa maso gabashin Sin. Abokina ya yi shiru, can ya ce kamar yaƙin basasarmu ne na 1967, hafsoshin da suka ci tuwon bariki ɗaya suka koma suna harbin juna. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na sha ganin hoton Mao a jikin kuɗinsu, ban taɓa tambayar ta ina aka biyo ba sai ranar.

Da a nan aka tsaya, da na ce kuɗina sun yi amfani. To, muna cikin haka sai ga ɗan jagora, fuska a murtuke, yana nuna agogo. Wai minti arba'in aka ware wa wurin. Ya katse dattijon a tsakiyar magana, ko gaisuwa babu. Kunya ta kama ni, mutumin da ya girme shi nesa ba kusa ba. Muka yi wa dattijon godiya a gaggauce, ko lambarsa ban samu karɓa ba, har yau abin na ci mini rai.

Saurin me ake yi? Shagon ganyen shayi! Awa ɗaya da rabi muka yi a zaune ana ta zuba mana a ƙananan kofuna, ana jiran mu saya. Mu da muka kwana muka tashi a kasuwa, mun san la'ada in mun gan ta. Gidan tarihin juyin juya halin 1911, wanda ya kawo ƙarshen sarautar Qing, yana nan a tsibirin, yana cikin takardar da suka ba mu, ko ƙofarsa ba mu gani ba. Da na yi magana sai ya ce ai duk labarin ɗaya ne. Azahar ma sai da na ɗaga murya kafin ya tsayar da mota.

Kuma abin da ya fi ɓata mini rai, a cikin lissafinsu akwai kuɗin shiga. Washegari wani ɗalibi ɗan Katsina da ke yi mini tafinta ya ce shiga Huangpu kyauta ne, fasfo kawai za ka riƙe. Ba yawan kuɗin ba ne, raini ne. Duk bayanin da muka biya a yi mana, baƙo ne ya yi mana shi saboda Allah, shi kuwa wanda muka biya, abin da na ji daga bakinsa a cikin ginin bai wuce "ku ɗauki hoto a nan" ba.

Wurin dai ku je, ko da kwana ɗaya ne ya rage muku. Amma ku bi jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa layi na 5 zuwa Yuzhu, ku hau jirgin fito da kanku, kada ku je ranar Litinin don a rufe yake, ku kuma ɗauki ɗalibi mai jin Sinanci ku sallame shi da kyau, don yawancin bayanan da harshensu aka rubuta. Kamfanin nan na tura musu saƙo sau uku a kan kuɗin shigar, an karanta, ba a amsa ba.