Av ko M: wanne zai fishe ka a fitar Jamestown?

Ɗan'uwa, ka ce ka aro kyamarar Canon mai gilashi 18-55mm, ranar Asabar za ka bi 'yan ƙungiya daga Nima zuwa Jamestown, unguwar bakin teku a Accra, kuma wani ya tsorata ka wai wanda ba ya ɗauka da M bai fara hoto ba. Kana tambaya, cikin tsarin ɗaukar hoto biyun nan da ake zaɓa a tayar saman kyamara, Av ko M?

Dukansu abu uku suke juyawa: faɗin ƙofar haske, wato lambar f, saurin shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara. A Av, wanda Nikon da Sony suke rubuta A, kai ke zaɓar f da ISO, kyamara ta lissafa shota. A M duka ukun suna wuyanka.

Ga inda suke rabuwa. Kana gaban hasumiyar nan mai ja da fari, rana ta buɗe, ka sa M a f/8, shota 1/400 na daƙiƙa, ISO 100. Hoto zai fito tas. Taku kaɗan ka shiga lungu mai inuwa, haske ya ragu ninki takwas ko fiye, kai kuma ba ka taɓa komai ba: baƙi ƙirin. Kafin ka gama murɗa, yaron da ke buga ƙwallo ya wuce. Da Av ne, da kanta za ta sauke shota zuwa wajen 1/50.

Amma Av ma tana da nata halin. A 1/50 duk mai motsi zai fito dishi-dishi. Saboda haka idonka ya zauna kan lambar shota a cikin madubin leƙawa. Ta sauka ƙasa da 1/125, ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Mai gudu yana bukatar 1/500.

Babban aibinta kuwa a bakin teku yake bayyana. Ma'aunin kyamara yana son mayar da komai tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi. Idan ya ga sararin sama da ruwa da farar shadda sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar mutum ta dushe har ba a gane idanu. Ga fatarmu abin ya fi muni. Maganin yana bayan kyamarar: danna maɓallin da aka rubuta Av+/-, ka riƙe, ka murɗa ƙaramar tayar da ke kusa da shota zuwa +2/3 ko +1. Ɗauka, duba fuska, ba sama ba. Kana barin wurin ka mayar da shi sifili, nan ne sababbi suke ɓata sauran hotunan yini.

M tana da ranarta. Idan ka tsaya wuri guda, haske bai sauya ba, masunta suna jan kwale-kwale, bayansu wani lokaci farin kumfa wani lokaci duhun katako, Av za ta yi ta tsalle, wannan ya yi haske wancan ya yi duhu. A nan ka koma M, f/5.6, 1/800, ISO 100, ka gwada ɗaya, ka gyara, ka bar shi haka har gajimare ya gitta.

Shawararmu: ka fita da Av, f/8, ISO 200. M ka ba ta minti ashirin a bakin ruwa don hannu ya saba.

A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, zuwa goma ta fara jefa inuwa a kwarmin ido, don haka ku yi sammako. Gara ma da ba Talata kuka sa ba, ranar masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku. Ka gaisa ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara a kan mutum. Iskar teku tana da gishiri: kada ka cire gilashi a bakin ruwa, in ya yi danshi ka hure yashi da famfon roba tukuna, sannan ka goge da kyalle mai laushi, ba bakin riga ba.