Manhajar Tuntuɓar Likita ta Waya da Tambayata Kan Gwajin Maikro-RNA

Baffana ya shafe wata takwas yana tari a ƙauyenmu da ke ƙasar Birnin Kudu, an gwada kakinsa har sau biyu ba a ga tarin fuka ba, daga bisani hoton ƙirji ya nuna wani dunƙule a huhunsa na dama. Da yake ni ne malamin ilimin halittu a gidan, kowa ya zuba mini ido, ni kuwa na riga na ci karo da wani talla a Facebook da ke cewa akwai gwajin jini na maikro-RNA mai gano sankarar huhu ba tare da an taɓa huhun ba. Har an fara maganar sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa don yin wannan gwaji kafin na biya kuɗin wata manhajar tuntuɓar likita ta waya domin in ji gaskiyar lamarin.

Shiga manhajar ya ba ni wahala. Fom ɗin rajista da Turanci yake daga farko har ƙarshe, kuɗi kuma sai ta taransifa, abin da zai hana yawancin mutanen karkararmu amfana da ita. Kiran ya katse sau biyu, sai da na koma bakin titi na samu sabis, kuma mintunan da suka salwanta ba a mayar mini da su ba.

Likitar da aka haɗa ni da ita ce ta sa na ga kuɗina bai tafi a banza ba. Ta saurari tarihin Baffa, ta tambayi shekarun da ya yi yana shan taba da yawan hayaƙin icen da ake shaƙa a gidan, sannan ta ce, "Malam, kada ku sayar da san nan saboda wannan gwaji." Ta kuma bayyana dalili da Hausa mai sauƙi. Maikro-RNA wasu gajerun zaruruwa ne a cikin ƙwayar halitta, tsawon kowanne bai wuce haruffan gado kusan 22 ba, aikinsu shi ne manne wa saƙon da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin su hana shi aiki. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka buɗe wannan fanni a 1993 ta hanyar nazarin wata ƙaramar tsutsa, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2024.

A sankarar huhu, in ji ta, wasu daga cikinsu suna aiki kamar linzami. Wanda ake kira let-7 yana taka wa furotin RAS burki, shi kuwa RAS shi ke ingiza ƙwayar halitta ta yi ta rarrabuwa, kuma tun 2004 masu bincike a Japan suka ga cewa marasa lafiyar da let-7 ya ragu a ƙarin huhunsu ba sa daɗewa bayan tiyata kamar sauran. Wasu kuma akasin haka suke yi: miR-21 yakan yawaita a cikin ƙarin, ya danne furotin PTEN da ke kare jiki daga sankara. Wannan bayani ya faranta mini rai ƙwarai, domin na daɗe ina koyar da darasin gado ban taɓa jin an kawo shi kusa da ciwon ɗan uwana haka ba.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda ta raba bincike da magani. Ta ce gwajin maikro-RNA na jini da aka jarraba a kan masu shan taba a birnin Milan na Italiya tare da hoton siti-sikan, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka daki-daki, aka yi shi, ba a madadinsa ba, kuma an yi shi ne domin tantance waɗanda ba su nuna alamar ciwo ba, alhali Baffa ya wuce wannan mataki. Hatta maganin gwaji da aka gina a kan wani maikro-RNA mai suna miR-34 a Amurka an dakatar da jarraba shi a 2016 saboda mummunar illar da ya yi wa garkuwar jikin wasu marasa lafiya. Abin da Baffa ke buƙata shi ne siti-sikan da ɗebo ɗan guntun tsoka daga dunƙulen a duba, kuma ta shawarce mu mu nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ƙorafina na ƙarshe shi ne manhajar ba ta aiko da rubutaccen bayanin ganawar ba, duk da cewa irin wannan shawara ba a riƙe ta da ka. A bayan littafin tsara darasina na rubuta abin da ta faɗa, kuma shi na karanta wa Baffa da 'ya'yansa bayan sallar isha'i, kafin muka tsayar da ranar tafiya Kano.