Gem ɗin besbol: wanne za ka saya, kuma a hannun wa?

Idan kana da PlayStation, Xbox ko Nintendo Switch kana neman gem ɗin besbol, zaɓin ba shi da yawa. Guda ɗaya ne yake fitowa kowace shekara da lasisin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, da duka ƙungiyoyinta 30, wato MLB The Show, wanda San Diego Studio na kamfanin Sony ke haɗawa tun 2006. Shekara da shekaru mai PlayStation kaɗai ke iya buga shi. A 2021 ya shiga Xbox, a 2022 kuma ya shiga Switch, fitowar da aka sa hoton shahararren ɗan wasa Shohei Ohtani a bango. Shi nake bugawa, shi kuma zan ce ka saya.

Abin da ya ɗaure ni a kansa shi ne karon mai jifa da mai bugu, wanda a gaskiya shi ne besbol ɗin gaba ɗaya. Tsakaninsu ƙafa 60 da inci 6 ne, ƙwallo kuma tana zuwa da gudun sama da mil 90 a awa, ko rabin daƙiƙa ba ka da shi ka yanke shawarar kai duka ko ƙyalewa. The Show ya kamo wannan fargabar. Akwai wata 'yar alama da kake motsawa da babban yatsa zuwa inda kake zaton ƙwallon za ta biyo. Ka dace da wuri da lokaci, sai ka ji ƙarar sanda mai daɗi, ƙwallo ta haye katanga. Ka yi gaggawa, mai jifa ya yaudare ka da wadda ke faɗuwa ƙasa dab da isowa, ka daki iska. A wajen jifa, tsarin Pinpoint da aka kawo a 2021 yana sa ka zana salon jifan da sandar dama ta hannun gem, ɗan karkacewa kaɗan sai ƙwallo ta sauka a tsakiya inda ake jiranta. Wanda ya saba da FIFA zai sha wuya a makon farko. Ka kunna tsarin da ke daidaita wahala da ƙwarewarka, ka yi haƙuri da shi, hannu zai faɗa.

Ɓangaren da ya fi cin lokacina shi ne Road to the Show: ka ƙirƙiri ɗan wasa, ka faro daga ƙananan ƙungiyoyi kana jiran ranar da za a kira ka babbar gasa. Fitowar 2024 ta ba da damar a ƙirƙiri mace, ta 2025 kuma ta mayar da mafarin labarin makarantar sakandare da jami'a. Daɗinsa, kana buga abin da ya shafi ɗan wasanka ne kawai, cikin 'yan mintoci ka gama wasa guda, abin da ya dace da mai jin tsoron ɗaukewar wuta. Franchise na masu son riƙe ƙungiya ne, ciniki da kwantiragi da kaka mai wasa 162, kuma a fitowar 2024 da 2025 ɓangaren March to October yana taƙaita wannan doguwar kakar ga wanda ba shi da lokaci.

Sai Storylines, wanda ko ba ka san dokar besbol ba ya isa a zauna a kalla. Daga 2023 suka fara ba da tarihin gasannin baƙar fata na zamanin da aka hana su shiga MLB, kafin Jackie Robinson ya karya wannan shinge a 1947. Bob Kendrick, shugaban gidan tarihin waɗannan gasanni a Kansas City, shi ke ba da labarin da bakinsa, sannan a miƙa maka wasan ka buga a matsayin Satchel Paige ko Buck O'Neil. A 2024 aka ƙaro Josh Gibson da Toni Stone, macen da ta yi wasa cikin maza. Sai dai wannan ɓangaren yana bukatar intanet.

Aibunsa ba ɓoyayyu ba ne. Zanen fuska da na 'yan kallo ya daɗe bai motsa ba, ka ajiye na 23 (fitowar 2023) kusa da na 24 sai ka duba da kyau kafin ka bambance. Masu sharhi suna maimaita magana har ka haddace. Na Switch kuwa an rage masa kyau sosai, amfaninsa kawai ka riƙe a hannu. Babban aibun a wurinmu shi ne Diamond Dynasty, inda ake tara katunan 'yan wasa a kara da mutane ta intanet. Kusan duk abokan karawar suna Amurka, kuma a wasan da rabin daƙiƙa ke raba gwani da ɗan koyo, ɗan jinkirin netwok ya gama da kai kafin ka ɗaga sanda. Ga kuɗin PlayStation Plus, wanda ake biya don karawa ta intanet, ko makamancinsa na Xbox, ga data. Idan saboda wannan ɓangaren za ka saya, ka sake lissafi.

Sauran fa? Super Mega Baseball 4 na 2023 yana da daɗi idan abokai sun taru, ma'aunin wahalarsa na Ego abin yabo ne, akwai tsofaffin taurari irin su David Ortiz, amma ba ƙungiyoyin MLB irin su Yankees da Dodgers, 'yan wasan kuma kamar na katun. Professional Baseball Spirits na Konami ya fi The Show kyan zane, sai dai gasar Japan ce kuma rubutunsa Japananci. R.B.I. Baseball ya tsaya a 2021, MLB 2K ya mutu tun 2013. Duk wanda ya miƙo maka ɗayansu a matsayin sabo, ka ajiye masa kayansa.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Za ka ga masu talla a WhatsApp da Instagram suna sayar da sabon The Show a kashi ɗaya cikin uku na farashi. Ba gem suke sayarwa ba, akawun ɗinsu suke ara maka. Su shigar da shi a na'urarka, ka sauke gem mai cin gigabait gommai da datarka, su kuma sun sayar wa wasu mutane wannan akawun ɗin. An yi mini. Ɗan wasana ya kusa shiga babbar gasa, na kunna na tarar da ɗan kwaɗo a kan hoton gem ɗin, an canza kalmar sirri, lambar mai sayarwa kuma ta daina shiga. Ba inda za ka kai ƙara, domin a wurin kamfani kai ba ka sayi komai ba. Tun daga nan, tambayata ta farko kan kowane gem ita ce: akwai shi a faifai?

Faifan ma sai an buɗe ido. The Show 25 bai fito a PS4 ko Xbox One ba, na 24 ne na ƙarshe a kansu. Idan ka ga kwalin PS4 an rubuta 25, bugun bayan gida ne, ko tsohon faifai aka sauya wa riga. Ka sa a buɗe a gabanka, ka duba shekarar da ke jikin faifan kansa, ka juya bayansa ka ga ko ya karce, in da hali a saka a na'urar shagon ya tashi. Ka tabbata kuma PS5 ɗinka mai cin faifai ce, don akwai wadda ba ta da wurin sakawa, haka ma Xbox Series S. Faifan hannu da aka ce yana da kyautar kati ko Stubs (kuɗin cikin gem) a ciki, kar ka ƙara ko kwabo a kai, lambar kyautar sau ɗaya take aiki kuma mai shi na farko ya riga ya cinye.

Stubs ɗin su ma suna da 'yan damfararsu. Shafukan da ke sayar da su da araha sukan nemi kalmar sirrinka, ko su bi da kai ta cinikin kati na bogi a kasuwar gem ɗin. Dokar gem ta haramta wannan, in aka gano akawun ɗinka ne za a rufe, ba nasu ba. Haka katin kuɗin PlayStation: na Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Mu da muke buɗe akawun da adireshin wata ƙasa, dole mu san wacce muka zaɓa kafin mu biya, kuma ƙasar faifan ta dace da ta akawun in ana son ƙarin kayan da ake saya a ciki su yi aiki. PS4 da aka yi wa kutse aka cika da gem kuwa, ba ta shiga intanet lafiya, ba sabunta sunayen 'yan wasa, ba Storylines.

Kar kuma a ruɗe ka da tsohon labarin cewa za ka same shi a Game Pass, tsarin Xbox da ake biyan kuɗin wata a buga gem da yawa. Daga 21 zuwa 24 gem ɗin yana shiga can ranar fitowarsa, amma 25 bai shiga ba. Mai PS4 ya nemi faifan 24. Mai PS5 ko Series X da Road to the Show ya dame shi, 25 ya cancanci ƙarin kuɗin saboda ɓangaren makaranta. Wanda ke son gwadawa kawai ya ɗauki na shekarar da ta wuce, farashinsa yakan faɗi da zarar sabo ya fito a farkon kaka. Amma kar ya ja baya da yawa, domin ana rufe sabar tsofaffin fitowa bayan 'yan shekaru, duk abin da ke bukatar intanet a cikinsu kuma ya tafi tare da ita.