Ganin farin beyar a Arktik: wane tsibiri, wane jirgi, wane wata?

Duk kamfanin da ke sayar da tafiyar jirgin ruwa zuwa tsibiran Arktik, yankin ƙanƙara na can ƙarshen arewacin duniya, hoto ɗaya yake ɗorawa a gaba: farin beyar tsaye kan ƙanƙara, kamar an kira shi ya zo a ɗauke shi. Shi kuwa bai san da tikitinka ba. Abin da kuɗinka ke saya shi ne yawan sa'o'in da za ka yi a inda yake yawo, kuma hakan ya dogara ne da inda jirgin ya nufa, da yawan mutanen da ke ciki, da watan da ka tashi. Faɗin ɗaki da daɗin abinci sai daga baya.

Wanda bai taɓa zuwa ba, ni Svalbard zan nuna masa. Tsibirai ne na Norwe, babban garinsu Longyearbyen, mai mutum kusan 2,500, kuma jirgin sama na zuwa daga Oslo da Tromsø. Daga sauka sai shiga jirgin ruwa, washegari kana cikin dabbobi. Tun 1973 aka hana farautar farin beyar a can. Akwai walras, wata ƙatuwar dabbar ruwa mai haure biyu, da kan kwanta gungu-gungu a bakin gaɓa suna gurnani, warinsu na riga idonka isa. Akwai barewar ƙanƙara mai gajerun ƙafafu, da dilan Arktik. A mashigin Hinlopen kuma akwai dutsen Alkefjellet, inda tsuntsayen teku dubbai ke sheƙa a jikin bango ɗaya. Kwalekwale kan bi ƙarƙashinsa a hankali, kukansu ya cika kunne, kashinsu na zubowa kamar yayyafi. A nan ne hular rigarka za ta yi maka rana.

Gabashin Girinlan na masu son ganin ƙasa ne. Mashigin teku na Scoresby Sund ya kutsa cikin tudu kusan kilomita 350, tudun ƙanƙara masu girman bene na yawo a cikinsa, kuma nan ake ganin muskoks, saniyar daji mai gashi har ƙasa. Gari ɗaya ne a yankin, Ittoqqortoormiit, mutanensa ba su kai 400 ba. Sai dai beyar bai cika bayyana kamar a Svalbard ba, hanyar ba ta buɗewa sai wajen Agusta, kuma tsallaka buɗaɗɗen teku kan ci kwana ɗaya ko biyu. Mai saurin jiri da amai ya yi tunani.

Arewacin Kanada ya fi tsada da cin lokaci, yawanci sai an haɗa da jirgin sama na shata. Ladarsa tarihi ne: a tsibirin Beechey akwai kaburburan mutum uku na ayarin John Franklin da ya bar Ingila a 1845 bai dawo ba, kuma sai tsakanin 1903 da 1906 Roald Amundsen ya ratsa hanyar ruwan da Franklin ya je nema, wadda ta bi ta arewacin Kanada ta haɗa tekun Atlantika da na Pasifik. Ana dacewa da farin kifin beluga, jefi-jefi da narwal mai haure guda kamar mashi. Tsibiran Rasha, irin su Franz Josef da Wrangel, yawancin kamfanonin Turai da Amurka sun daina zuwa tun 2022.

Yanzu batun jirgi, inda mutane suka fi yin kuskure. Jirgin ba ya tsayawa a tasha. Kwalekwalen roba mai inji, Zodiac, shi ke kwasar mutum goma-goma zuwa gaɓa, ka zura ƙafa cikin ruwa da takalmin roba, bayan jagorori masu bindiga sun riga sun leƙa ko'ina. Idan an hango beyar a kusa, an fasa saukar ke nan. To, jirgi mai mutum 12 cikin minti kaɗan kowa ya fita, ana iya ma tashe ka tsakar dare a ce ga shi can. Amma ɗakunansa matsattsu ne, igiyar ruwa na wasa da shi, kuma kuɗin kowane dare ba sauƙi. Mai mutum 180 zuwa 200 ya fi natsuwa a kan ruwa, da likita da ɗakin lacca, wani lokaci har da araha, amma rukuni-rukuni ake fita. Rabin safiyarka kan tafi a jiran layi kana sanye da rigar ceto. A ganina tsaka-tsakin, wato mutum 50 zuwa 130, shi ya fi dacewa da yawancin mutane.

Wanda ya wuce 200 kuwa, kada ma a duba shi in dabbobi ake nema. Daga 1 ga Janairun 2025 Norwe ta hana jirgi mai fasinja fiye da 200 shiga yankunan Svalbard da aka killace, ta kuma taƙaita wuraren sauka a cikinsu zuwa 43. Dokar ta ce a bar tazarar mita 300 tsakanin mutum da beyar, mita 500 daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni. Ke nan tsofaffin hotunan da beyar ke shinshinar jikin jirgi kada su ruɗe ka. Madubin hangen nesa mai kyau ya fi ɗaki mai baranda amfani, haka ma jirgi mai buɗaɗɗen saman da kowa zai samu wurin tsayawa.

Ka tambayi ƙarfin jirgin wajen keta ƙanƙara. Ana auna shi daga PC1 zuwa PC7, ƙaramar lamba ita ta fi ƙarfi. Sababbin jiragen yawon nan galibi PC6 ne ko PC5, Le Commandant Charcot na kamfanin Ponant kuwa PC2 ne, farashinsa ma haka. Amfanin tambayar: beyar kan ƙanƙarar teku yake farautar sil, wata dabbar ruwa mai kitse, don haka tsarin tafiyar da ya ware kwana ɗaya ko biyu a gefen ƙanƙara, arewa da tsibiran Svalbard, ya fi wanda ya cika da sunayen wuraren sauka. Ka kuma duba ko kamfanin na cikin AECO, ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 2003.

Wata? A Svalbard, Mayu da farkon Yuni ƙasa fari fat, amma ƙanƙara kan toshe gabas. Ƙarshen Yuni da Yuli tsuntsaye sun cika duwatsu. Mai son zagaye Spitsbergen, tsibiri mafi girma a Svalbard, gaba ɗaya ya jira ƙarshen Yuli ko Agusta, ya kuma ɗauki kwana goma maimakon bakwai, don hazo kaɗai na iya cinye masa yini guda. Ko a Yuli matsakaicin zafin wajen digiri 7 ne kawai.

A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 22 ga Agusta. Musulmi sai ya tambayi malaminsa tun yana gida: wasu malamai sun ce a bi lokutan sallar gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce a bi na Makka. Batun abinci ma a rubuta wa kamfanin tun lokacin biyan kuɗi, don babu kasuwa a hanya. Kifi dai ba ya yankewa.

Sai takardu. Svalbard kanta ba ta neman biza, amma ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma ta Norwe ake zuwa a dawo. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizar Shengen mai shiga sau biyu, in ba haka ba ya maƙale a dawowa. Girinlan kuma sai an rubuta a jikin bizar cewa ta haɗa da ita. Kafin ka kwatanta farashi biyu, ka tambayi ko sun haɗa da jirgin sama, da aron takalmin roba, da otal na daren farko. Inshorar kwashe marar lafiya kada ka yi mata rowa: asibitin Longyearbyen ƙarami ne, ciwo in ya yi tsanani sai an ɗauki mutum a jirgin sama zuwa Tromsø.