Jif mai fowil da ta sha tafiya: wacce za a saya, wacce za a bari?

Wanda ke da gona a can bayan gari, ko ɗan kwangilar da ke bin ƙauyuka da damina, ya san ranar mota mai fowil, wato wadda tayoyinta huɗu duka ke ja. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, shi ya sa ake komawa kan tokumbo 'yar Kwatano ko 'yar gida wadda mitarta ta haura kilomita 250,000. To, a saya ko a haƙura?

Ni dai a ganina lambar da ke kan mita ita ce shaida mafi rauni. Ana mayar da ita baya, kowa a harkar ya sani. Sannan motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, wato mil 200,000 kusan kilomita 320,000 ke nan. Ka karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17 a duba maka tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, ka kuma dubi sitiyari da kujerar direba da robar birki. Idan sun goge sumul alhali mita na cewa 90,000, dila bai gaya maka gaskiya ba.

Injin da ke ciki ya fi mita muhimmanci. Land Cruiser mai injin dizal 1HZ, lita 4.2 da silinda shida ba turbo, ba ta da gudu ko kaɗan, amma tana jure man da ba shi da tsabta, kuma bakanike a Agadas ko Maiduguri zai kwance ta ya ɗaure ba tare da kwamfuta ba. Irin wannan ko ta yi kilomita 400,000 ba na jin tsoronta muddin ba ta hayaƙi. Dizal na zamani kamar 1KD mai lita 3.0 da ke cikin wasu Hilux da Prado ya fi ƙarfi da tsimin mai, sai dai nozul ɗinsa ba ya shiri da gurɓataccen dizal, kuma canza guda huɗun kuɗi ne mai ciwo. Prado ƙirar 2002 zuwa 2009 mai fetur ita ce tsaka-tsaki: mai lita 2.7 tana nishi a hawa idan an cika ta da kaya, mai V6 lita 4.0 tana ja sosai amma tana shan mai. Waɗannan injinan Prado biyu sarƙa ce ke riƙe taimin ɗinsu, ba bel ba. Land Cruiser ƙirar 1998 zuwa 2007 mai V8 lita 4.7 kuwa bel gare ta, wanda ake canzawa wajen kowane kilomita 145,000. In babu shaidar an canza, ka sa kuɗinsa cikin ciniki. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, V8 ta zama ta masu hali.

Akwai masu araha a gefe. Pajero mota ce mai ƙwari, amma an daina ƙera ta a 2021, kuma kayan gyaranta ba su kai na Toyota yawa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 an san su da matsalar lagireto da ke zubar da ruwa cikin man giya har giyar ta mutu. Araha ba ta ado, musamman ranar da mota ta tsaya maka a daji kana jiran a aiko ƙarfe daga Legas.

Ranar dubawa ka je da bakanikenka, ba na dila ba, kuma da sassafe kafin a tayar da injin, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko shuɗin hayaƙi. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, ruwa na haɗuwa da mai, ka yi sallama. A hau da ita kan rami ka shiga ƙarƙashi da fitila. Motocin arewacin Amurka da Kanada gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin shasinsu, wasu kuma sukan shafe tsatsar da baƙin fenti. Ka ƙwanƙwasa da sifana, ƙarfe mai lafiya yana amsawa, ruɓaɓɓe yana zubar da ɓawo. Inji ana sauke shi a sa wani, shasi in ya ruɓe motar ta ƙare.

Sai fowil ɗin kansa, wanda dominsa kake biyan kuɗin. Sau da yawa za ka tarar an cire farfelar gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, saboda ta lalace, ana tuƙa motar da ƙafafun baya kawai. Kai ta cikin yashi, a sa ƙaramar giya, ka tsaya a waje ka ga tayoyi huɗu na haƙa da idonka. Kada a gwada a kan kwalta.

Takardun kwastan su dace da lambar shasi, sannan kada ka zuba duk abin da ke hannunka a ciniki. Tayoyi huɗu, shokozoba, bushin da canjin man giya da na aksul suna jiranka a watannin farko. Wanda kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, ofis da makarantar yara, Corolla ko Camry mai ƙarancin tafiya za ta fi yi masa amfani da rabin kuɗin man.