GARGAƊI: Mai saka kyamara ya ci min sidi 4,800, kuma yana leƙen gidan mahaifiyata

Jama'ar Nima, Mamobi da Sabon Zongo, ku karanta wannan kafin wani ya shigo muku gida da sunan saka kyamarar tsaro. Sidi 4,800 na ba mutumin nan. Sidi 4,800! Kuma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Tsakar gidan Hajiya, inda ƙannena mata ke wanki da girki ba mayafi, ashe a wayarsa yake kallo.

Kada wani ya ce min ban san kaya ba. Ni nake gyara wa rabin layinmu kwamfuta da waya, kuma hanyar Circle, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Accra, ba baƙuwata ba ce. A wurin shan atayarmu muka san shi, inda kullum hirarmu ba ta wuce rawuta (na'urar raba intanet), batir da kyamara. Shi ne ma ya fi kowa zafi a kan sirri. Shi ya kawo labarin Mirai, cutar intanet ɗin nan da ta kame dubban kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo a 2016 saboda masu su ba su canza fasuwad ɗin kamfani ba, aka yi amfani da su wajen kai hari, har Twitter da Netflix suka tsaya a Amurka. Ya san dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012. Yakan ce kyamara mai arha tana tura hoton gidanka ƙasar waje ba ka sani ba. Ku faɗa min, wa zai zargi mai irin wannan magana?

Ranar da muka yi ciniki ya dafa ƙirjinsa ya ce: "Yaya, Hajiya uwata ce. Abin da zan saka muku, ko hoto ɗaya ba zai fita daga gidan nan ba." Har Hajiya ta zuba masa tuwo ya ci, ta sa masa albarka. "Hajiya uwata ce." Wallahi maganar nan tana ta yawo a kaina, da yadda ya dafa ƙirjin, da yadda ya kalle ni ido cikin ido.

Yarjejeniyarmu kyamara huɗu, na'urar naɗa, da sabon hadis (faifan da ke ajiye bidiyon) na 2TB, irin WD Purple da aka yi don aikin dare da rana. Na tura 3,000 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, 1,800 hannu da hannu bayan ya gama. Sidi 4,800 ke nan cif. Eh, sunan mace ne ya fito a MoMo ɗin, ya ce layin matarsa ne, kuma 'yan kasuwa nawa ne a garin nan ke karɓar kuɗi ta layin iyalinsu?

Tsaya, kafin in zo kan hadis ɗin. A'a, hadis ɗin ne ma ya fara. Na nemi bidiyon makon da ya wuce, babu. Na kwance na'urar, sai ga wani tsohon hadis ɗin laftof na 500GB, kashi ɗaya cikin huɗu na 2TB ɗin, an manne shi da salatif, takardar jikinsa an kankare ta. Na duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar hadis, ya yi aikin fiye da awa 20,000. Sabo fa ya ce min!

Maganar manhajar kallon kyamarorin a waya kuma bayan nan ta faru. Na ɗauki hoton lambar QR ta jikin na'urar don in saka ta a asusuna, sai ta ce an riga an ɗaure ta da wani asusun. Ga yadda abin yake: wanda ya fara ɗaure na'urar da asusunsa shi ne mai ita, sauran duk aron kallo yake ba su, kuma mayar da ita saitin kamfani ba lallai ya kwance ta ba. Ni da na biya 4,800, aro aka ba ni. Da na kira shi, ya ce sai na ƙara 600 zai kwance. Ina cikin faɗa sai bakinsa ya suɓuce: "Yaya, ka fara janye igiyar shanyar nan, ta tare kyamarar tsakar gida." Igiyar da aka ɗaura da safiyar ranar! Jikina ya yi sanyi. Ban san lokacin da na fizge wayar intanet daga bayan na'urar ba. Har yanzu na kasa gaya wa Hajiya dalilin da ya sa na sauke kyamarorin.

Yanzu layinsa a kashe, ya daina zuwa wurin ataya, shagon da ya nuna min a Circle kuma sun ce zama kawai yake yi a bencinsu.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin MoMo da hoton hadis ɗin duk suna hannuna, zan saka su da daddare idan na rufe lambobin mutane. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet.

Ku ɗaure na'ura da asusunku da hannunku, ku canza fasuwad bayan mai sakawa ya tafi, ku buɗe ku ga hadis kafin ku cika kuɗi. Duk wanda mutumin nan ya taɓa saka wa kyamara a unguwannin nan, ya cire wayar intanet yanzu, ya neme ni.