Sharhi: wata huɗu da risibar sauti a falona na Jidda

Wata huɗu ke nan da na sayi risibar sauti, wato na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifika, mai ɗaukar lasifika bakwai, na haɗa mata lasifika biyar da babbar nan mai kauri da ake ajiyewa a ƙasa. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin abin da zan faɗa ya shafi kusan duk irinsu da ke shagunan Jidda. Ina jin daɗinta ƙwarai yanzu, amma sati biyun farko na yi su cikin takaici, don lasifikan baya ko tari ba sa yi.

Abubuwa uku nake so su bi ta cikinta: talabijin da muke kallon Netflix da YouTube a kai, tsohuwar dikodar tauraron ɗan adam, sai PlayStation 5 ta yara. Mai shagon ya ba ni wayar optikal guda ɗaya, ya ce ta wadatar. Na jona, sauti ya fito da ƙarfi, amma daga gaba kawai. A fuskar risibar kuwa kullum rubutu ɗaya nake gani: PCM, sunan tsarin sautin da ke iso mata.

Ɗan yayata, wanda ke gyaran wayar salula a titin Falasɗinu, shi ya warware mini. Yana zama ya ɗauki rimot ya ce, "Kawu, risibarka lafiyarta ƙalau. Talabijin ce ke matse sautin ta mai da shi biyu kafin ta turo." Ya shiga saitin sautin talabijin, ya canza daga PCM zuwa Passthrough, wato a wuce da sautin yadda ya zo, wanda wasu talabijin ke kira Bitstream ko Auto. Nan take rubutun ya koma Dolby Digital, sai ga ƙarar ruwan sama na fim ɗin tana zubowa ta bayan kujera, har uwargida ta waiga. Tun ranar na daina tantance sauti da kunne kaɗai. Abin da risiba ta rubuta a fuskarta shi ne ainihin abin da ya iso mata.

Ita wayar optikal tana da iyakarta. Tsohuwar fasaha ce, kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983 da sunan Toslink. Tana ɗaukar sautin PCM na lasifika biyu, ko Dolby Digital da DTS na 5.1 (lasifika biyar da babbar nan ta ƙasa) waɗanda aka matse. Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio ba sa bi ta cikinta, haka ma Atmos, tsarin da ke ƙara sauti daga sama. Haske ne ke gudana a ciki, ba lantarki ba, shi ya sa in ka duba bakinta za ka ga jan haske. Don haka kada wani ya sayar maka da mai bakin zinari da tsada, zinarin ba ya taɓa hasken. Ka dai tuna ka cire 'yar hular robar da ke bakinta, kada kuma ka lanƙwasa ta sosai a bayan kabad.

Sai muka koma HDMI, wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare. A bayan talabijin ɗina ramuka huɗu ne, ɗaya tak aka rubuta wa eARC, kuma shi kaɗai ke iya maido da sauti zuwa risiba. ARC, tsarin farko na maido da sautin, ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, shi ne mai faɗin da zai ɗauki sautin da ba a rage masa komai ba. Da muka jona nan, muka kunna eARC a ɓangarorin biyu, finafinan Netflix masu Atmos suka fara nuna sunansa a fuskar risibar. Ƙarin abin da na samu shi ne rimot ɗin talabijin ya koma yana ƙara sautin risiba yana ragewa. Sunan wannan tsari CEC, sai dai kowane kamfani da yadda yake kiransa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony.

PlayStation 5 ba ta da ramin optikal sam, kai tsaye muka sa ta a risiba da wayar HDMI mai tambarin Ultra High Speed. Wannan bai ɗauke mu minti biyar ba.

Dikodar ce ta karɓi wayar optikal ɗin, kuma a nan nake da ƙorafi a kan risibar. Jona wayar kaɗai ba ya isa, sai ka shiga saiti ka gaya mata cewa ramin optikal na ɗaya na dikoda ne. In ba haka ba hoto zai zo, sauti shiru. 'Yar takardar da ke cikin kwali ba ta yi maganar ba ko da layi ɗaya, sai a cikakken littafin da ke intanet. Mutum ya kashe dubban riyal, bai kamata a bar shi yana lalube ba. Sannan a sani, yawancin tashoshin da nake kamawa a Nilesat da Arabsat sautin lasifika biyu suke aikowa, haka finafinan Hausa da ke YouTube. Risiba tana iya baza shi ko'ina da tsarin Dolby Surround, kuma a wasan ƙwallon Ittihad da Ahli ihun 'yan kallo yana cika falon. Amma in karatun Alƙur'ani ko wa'azi ne, nakan mai da ita lasifikan gaba kawai, muryar ta fi fita tsaf.

Na kuma sha fama da baki yana riga magana, ko magana ta riga baki, a tashoshin dikoda. Akwai wurin daidaita jinkirin sauti a saiti, da shi na gyara.

Makirfon awo da ke zuwa da ita yana da amfani sosai, shi ke auna nisan kowace lasifika daga wurin zama. Ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kafin ka fara, domin ƙararsa tana ɓata awon. Zafi kuwa tana yi, a yanayin Jidda kada a kulle ta a kabad, a bar mata sarari a sama. Wanda zai sayi ta hannu a kasuwar Harajin Sawarik ya duba bayanta da kyau: wadda aka yi wa Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take sha, wutarmu a nan 230 ce, wasu tsofaffin gidaje kuma har yanzu suna da soket na 127.

Da yake a bene muke, akwai maƙwabta sama da ƙasa, bayan sallar isha'i nakan kunna tsarin dare, wanda ke danne fashe-fashe ya ɗaga muryar masu magana, in kuma rage ƙarfin babbar lasifikar. Ramuka biyu na lasifika har yanzu babu komai a kansu. In Allah ya kai mu bayan Hajji zan ƙaro biyu na sama, sai ɗan yayata ya dawo mu sake awo.